Yau zakarana ya sha wuƙa a banza

Wayyo 'yan uwa, yau saura kaɗan a yanka min kaji kaf, kuma ni na jawo!

Da hantsi na fito shanya, sai na ga zakaran da na sayo a kasuwar Maƙarfi yana tangaɗi. Taku biyu ya yi, ya kife! Ga kaji uku sun baje a bakin rariya, ido a lumshe. Innalillahi! Murar tsuntsaye ce ta faɗo min a rai, ga 'yata Ummi yanzu ta gama rarrafe a wurin. Na sure ta na yi mata wanka sau biyu, tana tsala ihu.

Inna, surukata, ta ce, "Jiƙa musu barkono da toka!"

Baban Ummi ya ce min, "Miƙo wuƙa kafin su zama mushe."

Nan take ya yanka zakaran. Ya kamo kaza kenan sai ga Yaya Talatu, maƙwabciyarmu mai kiwo. Ta buɗe bakin kazar ta shinshina.

"Dakata, Malam! Maman Ummi, me kika zubar a rariya?"

Sai na tuna. Geron kunu ne na jiƙa na manta kwana huɗu, ya yi tsami har da kumfa, na watsar da safe.

Da na faɗa mata, sai ta kwashe da dariya. "Ba ciwo ba ne, buguwa suka yi! A kai su inuwa, a ba su ruwa."

Kafin la'asar duk sun miƙe suna tono!

Yanzu ga zakara a tukunya. Inna ta ce ita ko romon mashayi ba za ta sha ba. Baban Ummi ya sunkuyar da kai ya ce, "To Inna, bari in ɗauke miki."