Ruwan Azurfa da Ruwan Randa

Shekarun baya, farkon damina, ƙanena ya dawo daga ci-rani da wani ɗan abu a jaka: sili biyu na azurfa, da waya, da pil, ɗan batir irin na rediyo. Ya ce in aka tsoma silin a ruwa aka haɗa da pil, azurfa na sakin jikinta a hankali, ruwan ya zama magani. Lokacin ƙaramar ɗiyata na fama da zawo mai tafiya yana dawowa, har wuyanta ya yi siriri. Duk abin da aka kira magani, kunne nake ba shi.

Muka gwada da ruwan rijiyarmu, nan da nan ya yi fari kamar ƙasari.

"Yaya, ruwanku zartsi ne," in ji shi. "Azurfa ba ta son gishiri, sai ruwan da babu komai cikinsa."

Muka tari na sama a bakin indararo, ya zo da jar ƙasar soro. Ya ce to zai sayo ruwan batir a Gidan Rumji. Na ce a'a, abin da ake zuba wa mota ba zai shiga cikin ɗiyata ba. Sai ya koya mini dabarar tururi: a tafasa ruwa, a riƙa tsiyaye gumin marufi cikin kwalba. Haka na wuni gaban murhu, ɗigo-ɗigo, karan girkina na ƙarewa. Ragowar tafasasshen ruwan kuwa, in ya huce, awaki nake zuba wa.

Mahaifiyata na zaune a inuwa da yarinyar a cinya. Yarinya ta nemi ruwa, Inna ta tsoma moɗa a randa, sai ta tsaya tana kallon abin da ta ɗebo.

"Ke, wai wa ke ciwo a gidan nan, jikata ko ƙarfe? Ƙarfe an dafa mai ruwa, awaki ma sun samu, ita sai na rijiyar da kwata ke gangarawa ciki?"

Ƙanena ya yi dariya, ni na kasa.

Washegari muka hau amalanke zuwa gidan likita. Malamar da muka tarar ta ba mu garin gishiri da sukari da ƙwayoyi, ta ce a tafasa duk ruwan da za ta sha. Da na ambaci ruwan azurfa, ta ce ba ya tsayar da zawo, kuma mai yawan shan sa fatarsa na iya komawa ruwan toka har abada. Kwalbar ba ta taɓa bakin ɗiyata ba, Allah kuma ya ba ta lafiya.

A ajin yaƙi da jahilci an sha faɗa mana zancen tafasa ruwa, har na rubuta shi da hannuna. Sai dai abin da ba shi da waya ba shi da ƙyalli, ban ɗauke shi magani ba. Har yau in na ɗora tukunyar ruwan sha, maganar Inna nake ji.

Silin kuwa maƙeri ya mayar da su 'yan kunne. Da su ɗiyata take zuwa lakol, makarantar boko, yanzu.