Masaƙan da ke Cikin Cinya

Shekarar da aka fara tafiya da ni cirar gyaɗa a gonarmu ta wajen Makoɗa, lafiya lau na dawo, har da tsalle-tsalle. Washegari ne cinyoyina suka yi tsami, ko tsugunno sai na dafa bango. Ban gaya wa kowa ba. Abokina Sale ma da ciwon ƙafa ya fara, ashe shan inna ne, bai sake miƙewa ba. Na sa a raina nawa ne ya zo.

Bayan magariba muka kewaye murhun kakata, Iya Delu, tana gasa mana gyaɗa. Ta ga yadda na zauna kamar tsoho.

"Maigidana, wa ya dake ka? Miƙo ƙafafun nan."

Ta ɗora su a cinyarta, ta lakato man shanu tana murzawa, ta ce ga wata tatsuniya nan tafe, mu buɗe kunne. Wai a cikin naman mutum akwai wasu 'yan masaƙa, ragwaye ne na ƙarshe, ba su da aiki sai barci. Rannan mai jikin ya yi aikin da bai saba ba, zare ya yi ta tsinkewa. Sarkinsu ya bi su da tsumagiya. Suka duƙufa ɗinki, allura na sukar mai jiki yana ta raki. Da suka gama, sai ga saƙar ta fi ta da kauri.

"Kai ma ɗinki ake maka, bar su su yi aikinsu," in ji Iya. Ta tara tafin hannunta. "Shuri nan." Na shura. "Da ƙarfi mana, rago." Na ƙara, har ta kusa kifewa, ta yi ta dariya. Wallahi a nan tsorona ya tafi.

Da na girma wani malamin asibiti ya ce min kusan haka abin yake: aikin da ba a saba ba kan ɗan yayyaga tsoka, gyaran ne ke ciwo. Sauran labarin kuwa babata ce ta ba ni, bayan rasuwar Iya. Ɗan Iya na fari da ciwon ƙafa ya kwanta, bai ƙara takawa ba. Shurin nan da ta sa ni, ashe gwada ƙarfin ƙafata take yi.

Allah ya jiƙan Iya, ban san da me zan gode mata ba. Ta fi ni tsoro a ranar, amma dariyarta kawai na gani.