Na Goge Gogen Ɗan Ƙanwata a Hanyar Shagari

Ana sallame sallar asuba muka bar Boɗinga, ni da ɗan ƙanwata, a 'yar tsohuwar motata. Shi yana gaba rungume da gogensa cikin buhun atamfa, ni ina tuƙi. Shagari muka nufa, inda wata ƙungiyar matasa ta shirya gasar makaɗan tsirkiya 'yan ƙasa da shekara ashirin: masu goge, masu gurmi, masu molo da garaya.

Masu bibiyata sun san ni dillalin babura ne, ba ruwana da kiɗa. Abin da ya fito da ni shi ne sharaɗin da uban yaron ya kafa. Tela ne a kasuwar Boɗinga, kuma ya gaji da ganin keken ɗinki na biyu yana zaune ba kowa a kai. Ya ce in yaro ya shiga cikin ukun farko, ya bar shi da kiɗansa. In bai shiga ba, a rataye goge, ya hau keke. Yaron ya yarda. Ni kuma a matsayina na kawu na ce kai shi dai zan kai shi.

Hanyar ba laifi, sai ramuka nan da can waɗanda motata ta sani tun bara. Kaka ce, dammunan gero jingine a gonaki, 'yan fadama kuma sun duƙufa dashen albasa. A Sifawa muka tsaya karin kumallo. Ƙosan wurin ya ƙanƙance ƙwarai, na tambayi mai suyar ko wake ne ya yi tsada ko hannunta ne ya rame, ta ce duka biyun, ta ƙara mini ɗaya.

A nan na yi aika-aikar. Yaron ya tafi neman koko, ni kuma na buɗe buhun don in duba hajar da za mu kai kasuwa. Ƙwaryar gogen ta dusashe, izgar kuwa, wato bakan gashin doki da ake jan tsirkiya da shi, duk ta yi fari da wani gari kamar an tsoma ta a toka. Shekara ashirin ina sayar da babura, ban taɓa nuna wa mai saye kaya da ƙura ba. Na ɗauko tsummana mai ɗan man inji, na bi ƙwarya, na bi sanda, na bi izga gashi-gashi har ta yi baƙi tana sheƙi. Na mayar, na ɗaure buhu. So nake ya gani da idonsa ya gode.

Mun isa Shagari da hantsi. A filin wata makarantar firamare aka kafa rumfa, masu fura da masu rake sun riga kowa kama wuri. Yara makaɗa wajen goma sha, kowa ya samu gindin bishiya yana gyara tsirkiya, iyayen gidansu na tsaye a kansu kamar masu jiran awon hatsi. Aka jefa ƙuri'a, namu ya faɗo bayan azahar.

Ya zauna gindin dogonyaro ya ja izga. Shiru. Ya sake ja, sai wani huci kamar tayar da ta sace. Ya shinshina izgar, ya dube ni.

"Kawu, mi kay yi mata?"

Na ce na goge ta ne, ai ya ga yadda ta fito.

Bai yi faɗa ba, kuma hakan ya fi yi mini ciwo. Ya sunkuyar da kai kawai ya ce wannan farin garin ƙaro ne, shi ke sa gashi ya kama tsirkiya, kuma kwana uku ya yi yana shafa shi. Wani dattijo mai ɗaurin goge, da ya zo kallon yaransa, ya karɓi izgar ya murza a yatsa ya yi dariya har da tari.

"Alhaji, shi goge izga ka goga shi, ba tsumma ba. Allah ya so ka ba ka taɓa tsirkiya ba."

Ban taɓa ta ba ne don kawai yaron ya dawo da koko da wuri. Dattijon ya ce man inji ba ya fita da wanki ɗaya, kuma ba makaɗin da zai ara wa abokin takara izgarsa. Sai dai sabon gashi, na ingarma, kada in kawo masa na goɗiya. In ya samu kafin azahar zai ɗaura.

Na bar yaron na kama hanyar Lambara, ina tsayawa ina tambayar mai doki kamar wanda ya yi ɓatan kai. A ƙauye na biyu aka nuna mini gidan wani manomi. Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, har da gajiyar kaka da lafiyar bisashe, ni kuwa idona na kan rana. Da na faɗi buƙatata ya ɗaure fuska. Ya ce ba ya ba baƙo gashin wutsiyar dokinsa, don bai san inda za a kai shi ba, kuma ko nawa ne ba ya sayarwa. Na gane nufinsa, tsoron asiri yake, kuma ban ga laifinsa ba.

Ciniki dai sana'ata ce, na san mutumin da ya ce ba ya sayarwa ba kuɗi ake ƙara masa ba. Na lura da babur jingine a zaure, kaji sun fara kwana a kansa. Ya ce sati biyu ke nan ya ƙi tashi. Na nemi izini, na kwance fulogi, na goge shi da tsumman nan dai, na hure bututun mai. Bugu biyu ya kama. Sai na ba shi labarin ɓarnar da na yi tun daga Sifawa. Ya yi dariya ya shiga turke da kansa, ya tsefe wutsiyar da yatsu ya zaro dogaye, ya ce in gaya wa yaron ingarman ya gaishe shi.

Ana kiran azahar na shigo filin. Dattijon ya jera gashin, ya ɗaure, yaron ya yi ta shafa ƙaro har aka kira shi. Farkon kiɗan ya ɗan yi kaushi, sabon gashi bai gama shan ƙaro ba. Can sai muryar ta buɗe. Wani tsohon taken noma ya kaɗa, na ga tsofaffi biyu a bencin gaba sun daina hira, mai fura ta tsaya da ludayi a hannu. Ni ban san kiɗa ba, amma na san fuskar mutum in kaya sun shige shi.

Wani ɗan Mandera mai gurmi ne ya zo na ɗaya, kuma ya cancanta. Namu ya zo na uku. Aka ba shi shadda da takardar shaida.

Kafin magariba muna Boɗinga. Uban ya juya takardar gaba da baya, ya ce magana ɗaya yake yi, goge ya zauna. Sannan ya auna shaddar da ido ya ce shi zai ɗinka. Da ya ji labarin tsumma kuwa, har maƙwabtan shago sai da ya kira.

Tafiyar ta koya mini cewa ƙa'idar kasuwata a kasuwata ta tsaya, kuma abin da na ɗauka dauɗa ne, aikin kwana uku ne na mai shi. Wata mai zuwa akwai zagaye na gaba a Sakkwato, kuma yaron ya ce ni zan kai shi. Sharaɗinsa ɗaya ne: buhun yana kan cinyarsa, ko koko za shi saye da shi zai tafi.