Tsohuwar da ke Zaune a Gefen Delko

Yau kwana biyar ke nan. Mama ta ce in daina tuna hanyar Ngong. Na kasa. Sai dai duk sanda na tuna ta, tunanin yakan zarce da ni baya, zuwa tsakar gidanmu a Garwa, gaban murhun kakata.

Maama muke ce mata, yadda maƙwabtanmu Fulani ke kiran kaka. Gidanmu bango ɗaya ne da garejin mijinta, wanda Baba ya gada. Ta daɗe tana sayar wa direbobi tuwo a bakin garejin, har ta san ciwon mota fiye da wasu masu riƙe da sifana. Kakanmu yana fama da ƙirji, don haka duk gwajin da sai an zuƙi tiyo da baki, ita ake kira. Ta goge hannu a zani, ta zo ta zuƙa, ta tofar, ta faɗi abin da ya lalace.

Bayan isha'i takan soya gyaɗa cikin yashi, mu kewaye ta. Tatsuniyarta ba irin ta sauran gidaje ba ce. Takan ce, "Ga ta nan tafe, wa zai shiga?" Mu ce, "Mun shiga, a tayar!"

Wadda na fi so ita ce ta garin ƙarfe mai ɗaki huɗu. A garin akwai wani ɗan aike, Tartsatsi, aikinsa kunna wuta a ɗakunan nan bi da bi. Ga gudu, amma bai san lokaci ba. In ya makara, zafi ya cika garin, kowa ya kwanta zazzaɓi. In ya yi sammako da yawa, ya ci karo da masu ɗaki, ka ji kawuna na ƙwal-ƙwal. A gefen gari kuwa akwai wata tsohuwa, ba ta gani, ba ta magana, sai 'yar ganga a cinyarta da kara mai rami da ya tafi har maƙogwaron gari. Idan garin na tafiya a natse, itace kaɗan ake sa wa ɗakunan, wuta kuma na jinkirin kama itace kaɗan. A lokacin numfashin gari yakan ja fatar gangar, tsohuwa ta ja rigar Tartsatsi, shi kuma ya fita da wuri. Mutane suka ce tsohuwar nan ci kawai take yi. Fatar gangarta ta huje, ba wanda ya duba. Gari ya yi ta zafi, yana tari, yana suma a kan hanya.

Na taɓa tambayarta, "Maama, to me ya hana ta yi ihu?"

Ta ɗaga ludayi kamar za ta ƙwale ni. "Ji min 'yar lakwal, 'yar boko! Na ce miki ba ta magana. Mai son sanin lafiyarta shi zai sa baki ya tambaye ta. Ke dai ci gyaɗarki, mai kunne kamar murfin tukunya."

In ta gama sai ta ce, "Na kashe inji, kowa ya sauka."

Sai da na girma, ina taya Baba wanke kayan inji a lokacin hutu, ya nuna min tsohuwar: wani ɗan gwangwani a jikin delko, abin da ke raba wa buji, wato fulogi, wuta, da siririn tiyo daga shi zuwa kafireta.

Ranar Asabar muka je gona bayan Ngong ɗauko masara a tsohuwar a-kori-kurarmu. Da la'asar Baba ya sunkuya zai ɗaga buhu, sai ya zube. Bakinsa ya karkace. Na kira shi, yana kallona, ba amsa. Manoma suka sa min shi a gaba, na kama sitiyari. Ba mu yi nisa ba allurar zafi ta fara hawa. Duk inda na rage gudu saboda rami, sai injin ya mutu. A karo na uku na buɗe gaban motar ina kuka. Ruwa na nan, bel ɗin fanka na nan. Na tsaya kamar gunki, ina jin numfashin Baba ta taga.

Ban san yadda hannuna ya kai ga tiyon tsohuwar nan ba. Na zare shi daga kafireta na zuƙa. Da fatar cikin gwangwanin lafiya take, da ya kama min harshe. Iska ce ta yi ta zuwa, ba abin da ya tare ta. Na mayar da shi, na cire ɗaya bakin daga gwangwanin, na toshe da tsinke da leda don kafireta ta daina shan iskar banza. Injin ya tsaya da ƙafarsa. A hankali, ina salati, muka iso asibiti.

Kwana huɗu Baba bai ce uffan ba. Likita ya ce mu jira, bai san ko yana gane mu ba. Zaman jiran ne ya gagare ni, shi ya sa jiya na samo sabon gwangwani. Na buɗe murfin delko, na kwance ƙusoshi biyu. 'Yar makamar da ke riƙe hannun gwangwanin ta kusa faɗa min ciki. Na ɗaura sabon, na zuƙa, farantin ciki ya motsa, tiyo ya kama harshena. Sannan na toshe tiyon, na sassauta gindin delko, na riƙa juya shi kaɗan-kaɗan har muryar injin ta yi min daɗi, na ɗaure, na mayar da tiyo.

Ɗakin Baba yana daidai hawan da ke bayan asibitin, ta nan na hawo da motar. Da na shiga, Mama na tsaye, hannu a ƙirji. Ta ce tun ina hawowa ya buɗe ido. Na durƙusa. Bakin nan ya yi ta ƙoƙari.

"Wa... ya taɓa delko?"

"Ni ce, Baba."

"Ya yi gaba. Tana ƙwal-ƙwal." Ya huta. "Dawo da shi... kaɗan."

Mama ta fashe da kuka da dariya tare. "Wato mu da muka kwana huɗu a kanka ba mu isa ba, Malam, sai gwangwani?"

Da ina yarinya na ɗauka Maama kanta take yi wa kamfe, kada mu raina tsofaffi. Wataƙila ma hakan ne. Amma yanzu ina ganin ta san wata rana za mu tsaya gaban wanda ba ya iya faɗin ciwonsa, kuma ba ta so mu ɗauki shirunsa a matsayin ba kowa a ciki. Ban sani ba ko hannun Baba zai sake riƙe sifana. Tsoron nan bai sake ni ba. Gobe dai da hantsi zan dawo da delkon baya kaɗan, in sake hawowa. Ya riga ya yi wa Mama nuni a matsa masa gado kusa da taga.