Gidan da Baba Ya Bar Mu Gadi

Wata Talata ce a farkon damina, shekarar da na shiga aji huɗu, kasuwar Mafara na ci, Baba ya sauko daga babur da jakarsa ta soja ya ce an sake yi masa canjin wurin aiki. Kafin ya sha ruwa na cusa kayana a akwatin ƙarfen Inna, har da duwatsuna na 'yar carafke. Na ɗauka wannan karon da mu za a tafi bariki, inda ya ce famfo na zuba a tsakar gida. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ke Hadiza, in munka tafi duka, wa za shi tsaron gidan ga?"

Gidan nan fa shi ne duk abin da ya tara. Ya sayi filin a bakin gari ta hanyar Jangebe, ya gina mana ɗakuna a ciki, ya jera na haya a waje. Kullum maganarsa ke nan, "Soja baƙo ne ko'ina, sai inda ya aza tubali." Abin da ya tsorata shi, wani abokin aikinsa ya kulle gida a Bakura ya tafi, ya dawo ya tarar ruwa ya ci katanga, maƙwabci ya shuka gero har cikin filin. Shi ke nan muka zama masu gadi. Duk shekara kafin ruwa ya sauka ni da ƙanena Sani muke kwaɓa ƙasa da ƙafa, Inna na yaɓe, mu share indararo, mu kori awakin 'yan haya daga zogalenta. Ko biki ake a Maradun sai dai mu je mu dawo a yini. Wallahi na tsani katangar nan, ga shi da ƙafata na kwaɓa ta.

Baba ya yi ritaya, bai ko shekara a gidan ba Allah Ya karɓi abinsa. Yanzu 'yan haya sun watse, kowa na gudun bakin gari saboda 'yan bindiga, mai saye kuwa ko ɗaya babu. Sani ya koma Gusau. Inna ta ce ba ta barin inda ya ajiye ta, ni kuma ina zan bar ta? Kwanan baya na jawo akwatin daga ƙarƙashin gado, na tarar da duwatsuna a kusurwa yadda na zuba su. Har yau ba a zo an karɓe mu gadin ba.