Madaɓin Inna Turai

Kullum da sassafe, kafin shanu su fita kiwo, Inna Turai ta riga ta share majami'a, ta yayyafa ruwa, ta cika randar bakin ƙofa. Daga nan sai ta ɗauki ƙwaryar kunu ta nufi gidan da aka yi rashi ko inda wani ke kwance. Ba matar fasto ba ce, ba ta taɓa riƙe muƙami a zumuntar mata ba. Majami'armu ma ginin ƙasa ce a wani ƙauye bayan Farin Dutse, gidajen Kirista kaɗan ne, sauran maƙwabta duk Musulmi. Amma tun tasowarmu ba a yi wa mace ko yaro wankan gawa a cikinmu ba sai da hannunta.

Babban aikinta yakan zo ne a makonnin da ke gaban Kirsimeti, lokacin jiran zuwan Mai Ceto. A nan take tara mata su yi wa majami'a sabon daɓe. A zuba ƙasa da tsakuwa, a jiƙa da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, kowace ta durƙusa da madaɓinta na itace, ana bugu ana waƙa. Dokarta guda ce: wadda ke gaba da wani ba ta taɓa madaɓi sai ta je sun shirya. Akwai shekarar da Murja, matar ƙanenta, ta ce, "Haba Yaya, ai ita ta fara zagina."

"To ke ki fara zuwa," in ji Turai. "Ƙafarki ba ta karye ba. Baƙo za mu tara, ba zan gyara masa ƙasa ki kawo masa wannan zuciyar ba."

Daminar da ruwa ya yi ɓarna daga Gwaram har Kangire, bango ya faɗo wa 'ya'yan Barira biyu, wata 'yar majami'armu. Maƙwabcinsu Malam Hambali ne ya tono su da hannunsa. Babbar ta riga ta cika. Ƙaramin aka ɗauka a babur zuwa asibitin Birnin Kudu, aka dawo da shi a naɗe. Turai ce ta wanke su. Barira ta rage da jaririya a goye.

Tun daga ranar Barira ta rufe baki. Ba kuka, ba addu'a, abinci sai an yi da gaske. Nono ya fara ƙafewa, jaririyar ta rame har kukanta ya daina fita waje. Mai bisharar majami'armu ya je, ta juya masa baya. Mu kuma muka riƙa leƙawa muna cewa, "Sai haƙuri, nufin Allah ne," mu kaɗe riga mu fito. Wannan ba ta'aziyya ba ce, sauke nauyi ne. Kowa ya ga cewa idan aka ci gaba a haka, kabari na uku za mu haƙa.

Turai ba ta yi mata wa'azi ba. Kunu take kaiwa, ta zauna, ta ɗura wa jaririyar abin da ta iya. Ranar daɓe sai ta shigo da madaɓi biyu.

"Tashi, Barira."

"Inna, ki ƙyale ni. Dokarki ma ta hana ni. Ina gaba."

"Da wa?"

"Da wanda kuke jira."

Da wata ce, da ta toshe mata baki. Turai kuwa cewa ta yi, "To ai gidansa za mu. Je ki faɗa masa a gabansa. Ni ma huɗu na binne, ban ɓoye masa ko kalma ɗaya ba. Kina tsammanin don masu dariya aka yi alkawarin zuwansa? A ƙasa aka haife shi, cikin dabbobi, uwarsa kuma ta ga gawarsa da idonta. Ungo."

Ta karɓi jaririyar ta goya, ta tasa uwar a gaba.

Barira ta durƙusa a kusurwa ta fara bugu. Bugunta bai bi waƙa ba, har mata suka yi shiru. Tana dukan ƙasa tana kiran sunayen 'ya'yanta, Nasiha, Sada, tana tambayar Allah me suka yi masa. Tafin hannunta ya fashe. Murja ta taso za ta riƙe ta, Turai ta daka mata tsawa: "Bar ta! Magana suke." Can sai kukan da ya maƙale tun damina ya ɓarke. Ta kifa goshi a jiƙaƙƙiyar ƙasa ta yi mai isarta, mata suka kewaye ta suna addu'a a hankali. Da ta ɗago, murya a dishe, ta ce, "Inna, da sauran kunun?"

Ba zan yi ƙarya in ce ta warke ba. Har yau Barira ba ta waƙa. Amma tana zuwa sujada, ta zauna a baya, yarinyar kuma ga ta nan tana gudu a tsakar gida.

Bana gwiwoyin Turai sun ƙi durƙuso. A kujera za ta zauna, wasu su buga. Inna, ke ce kika wanke matattunmu kika hana masu rai bin su. Ke ce kika koya mana cewa mai jiran Almasihu ba ya ɓoye masa ciwo. Ba mu biya ki ba, ba mu ma gode miki yadda ya kamata ba. Mun gode. Allah ya sauƙaƙa miki tsufa.

Mu kuwa da shirinmu na Kirsimeti ya tsaya a ɗinkin anko da yankan akuya, mu ji kunya. Akwai gidan da aka yi rashi a unguwarku bana, kun kuma san ƙofarsa. Ku shiga, ku zauna, kada ku yi saurin tashi.