Bencin Saje Maigandi

Yayana Saje Maigandi ya shekara talatin da uku yana aikin ɗan sanda, kuma in aka cire watannin da ya yi a makarantar horo, bai taɓa aiki a wani gari ba sai Potiskum. Mutane suna cewa sa'a ce. Ni ma na sha yi masa gatse: "Yaya, kai fa ɗan sandan gata ne. Ka tashi aiki ka zo ka ci tuwon gidanku." Sai ya yi murmushi ya ci gaba da goge takalminsa. Ni kuwa Saudatu, tun ina yarinya bakina ya fi hankalina sauri, ban taɓa tsayawa na dubi murmushin nan da kyau ba.

Babanmu Bangizime ne, manomi daga wajen Mamudo. Innarmu Bafulatana ce, danginta duk makiyaya. A bayan kasuwar shanu muka tashi, inda kowane gida da irin bakinsa. Yaya ya tsinci Karekaranci a wurin maƙwabta, Bolanci a Fika inda ya yi makaranta, Barbarci kuma a wurin fatake. Harshe ba ya yi masa wuya ko kaɗan. Da ya shiga horo aka raba musu fom, aka ce kowa ya rubuta harsunan da yake ji. Abokansa suka rubuta biyu biyu, shi kuwa ya cika layin har ya gangara gefen takarda, yana jin daɗi. Inda aka tambayi garin da yake son aiki, ya rubuta Potiskum, saboda Inna. Abin da ya roƙa shi aka ba shi.

In ka shiga caji ofis ɗinsu, hagu da teburin kanta akwai wani dogon benci da zama ya goge shi har yana ƙyalli. Duk wanda aka kawo da ba ya jin Hausa sosai, ko yana ji amma tsoro ya kore ta daga bakinsa, a nan ake zaunar da shi, Yaya ya tsaya a kansa yana tafinta. Difi'o, wato shugaban ofishin, wani ya zo, wani ya tafi, har goma sha huɗu, kuma kowannensu bai cika mako biyu ba sai ya gane cewa in babu mutumin nan aiki ba zai yiwu ba ranar kasuwa. Sau tara sunansa yana fitowa a takardar canjin wurin aiki, sau tara ana sokewa. Akwai lokacin da har ya ɗaure akwati zai tafi Gashuwa, aka aiko ya kwance.

To a garin nan wa za a kawo bencin da ba namu ba? In ba ɗan kawu ba ne, surukin gwaggo ne, in ba shi ba, wanda ya yi wa Baba sallar jana'iza ne. Kowa ya ɗaga kai ya ga Yaya sai fuskarsa ta washe, ya ce namu yana nan. Shi kuwa Yaya ba abin da yake hannunsa. Abin da mutum ya faɗa shi zai juya, abin da aka yanke shi zai mayar. Amma wanda aka tura bayan kanta ba ya tuna fuskar Difi'o, baƙo ne, gobe zai tafi. Muryar da ta ce masa "tashi ka shiga" da harshen uwarsa, ita yake riƙewa.

Wadda ta fi ci mana rai ita ce ta Bakari, ɗan kawunmu, taubashin Yaya, wanda suka tashi suna kokawa a kan tabarma ɗaya. Da kaka shanunsa suka faɗa gonar dawa a Mamudo, gonar kuwa ta ƙanen Babanmu ce. Aka kawo su bencin, ɗaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Yaya ya juya na Bakari daga Fulatanci, ya juya na Baffa daga Ngizimanci, bai ƙara ba, bai rage ba. Bakari ya kwana uku a tsare. Dangin Inna suka ce ya sayar da jininsa. Dangin Baba suka ce ya yi wa Fulani sassauci, ai ɗan 'yarsu ne. Inna ta yi wata biyar ba ta taɓa abin da ya fito daga gidan Yaya ba. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na shekara guda ina sauya hanya in na hango shi. Har yau shi da Bakari in sun haɗu gaisuwar baƙi suke yi, ba tsokana, ba dariya.

Tun daga nan Yaya ya rage shiga mutane. Ba korarsa ake yi ba. Tabarma ake gyara masa, a kawo ruwa. Sai dai da ya zauna a majalisa, hira ta koma ta damina da zafin gari, ta tsaya nan har ya tashi. Da safe kuma su ɗin ne dai a ƙofar gidansa, wannan an kama masa babur, wancan ɗansa ya yi faɗa. Ko ranar zaman makokin Inna sai da wani ya ja shi gefe da maganar akuya.

'Yata Munawwara ta gama kwalejin ilimi ta shekara uku tana taya ni matsar mai da suyar ƙuli-ƙuli, ba aiki ba dalilinsa. Da aka buɗe ɗaukar 'yan sanda ta cika fom ta waya, ta je aka auna tsayinta, ta rubuta jarrabawa, sunanta ya fito. Na yi guɗa har maƙogwarona ya dushe. Da farin cikin ya lafa sai tsoro ya zo. 'Ya mace, shekara ashirin da uku, a jefa mini ita wata uwa duniya? Babanta direban tirela ne, rabin shekararsa a hanyar kudu yake ƙarewa. Ita kaɗai ce nake buɗe ido in gani.

Saura kwana biyu ta tafi, Yaya ya zo bayan la'asar da farin kambas a leda da gidan sauro. Ya zauna a kan turmi, ita tana durƙushe tana shirya akwati.

"Kambas ɗin nan ki fara sa shi daga yau," in ji shi. "Sabon takalmi a filin fareti ya fi malamin horo mugunta. Duk abin da aka zuba miki a kwano ki cinye, kada ki tsaya neman ɗanɗano. Lambarki ki haddace ta kamar sunanki. In an yi miki tsawa ki ce 'Yes sa' ki yi shiru, ko da ke ce da gaskiya, tsawar ba taki ba ce, ta kowa ce. A layi kada ki zama ta farko, kada ki zama ta ƙarshe. Ƙafarki kuma ki riƙa busar da ita, yawancin waɗanda na ga an sallama, ƙafa ce ta kayar da su."

"To, Kawu."

"Saura ɗaya, ita ce babba. Za a ba ku fom. In an tambayi harshe, ki rubuta Hausa da Turanci ki ajiye biro."

Munawwara ta ɗago. "Kawu, ai ina jin Fulatanci da Ngizimanci, har Karekaranci. Ba zai taimake ni ba?"

"Zai taimake su. In kuma an tambayi inda kike so, ki rubuta duk garin da ba ki da ko kare a cikinsa."

Nan na ajiye matankaɗi. Dama ina jiran in roƙe shi ya yi wa manya magana a dawo mini da ita, sai ga shi yana koya mata hanyar guduwa. Na ce, "Yaya, kai ka sha inuwar gida shekara talatin, ita kuma za ka tura ta rana? Wannan ai baƙin ciki ne."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Saudatu, yaushe rabon da ki ba ni labarin wani a unguwar nan?"

Na ce mene ne haɗin wannan da wancan. Ya ce ba komai. Ya tashi ya karkaɗe wandonsa, ya sa wa yarinyar albarka ya fita. Na bi bayansa da tsaki.

Ranar da ta tafi na raka ta tasha, na tsaya har motarsu ta ɗauki hanyar Damagum. Ban koma gida ba. Kai tsaye na wuce gidan Alhaji Babaji, wani tsohon babban ɗan sanda da ya yi ritaya, wanda yaransa na da suka zama manya yanzu. Na kai masa galan ɗin man gyaɗa na gaisuwa, na zube na yi masa kuka. Don maganata ta yi nauyi har na ƙara da cewa yarinyar nan harshe biyar take ji, kamar kawunta. Alhaji ya gyara zama. Ya ce, "Kamar Maigandi? Ai kuwa ana neman irinsu, shi ya kusa ajiye kaki." Ya rubuta sunanta a bayan wani katin ɗaurin aure. Na fito ina jin na fi kowa dabara.

Ba ta yi wata guda a makaranta ba aka fara sallama a ƙofata. Matar da ba mu taɓa wuce gaisuwa ba ta aiko mini da dambu. Wata ta zo ta zauna har azahar, a ƙarshe ta ce mijinta yana da rigimar fili, amma ba sauri, sai 'yarmu ta dawo. Bakari da kansa ya zo da ƙwaryar nono, abin da bai yi ba tun rasuwar Inna. Ya ce, "Yanzu dai mun samu namu na gaskiya a ciki. Wannan ba za ta yi mana irin ta wancan ba." Ya faɗa yana dariya. Ni kuwa na san yarinyar da na haifa. Ko awon ƙuli ba ta yarda a danne mudu, ballantana a karkatar da magana.

Washegari na tafi caji ofis, karo na farko da na shiga ba don roƙon a saki wani ba. Na tarar da Yaya tsaye a kan wani tsoho makiyayi a benci. Na jira ya gama, na ja shi gindin darbejiya na faɗa masa abin da na yi. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Ya dai cire hularsa ya dube ta ya mayar.

Na ce, "Yaya, ka san mutane. Ka je ka ce a soke, a kai ta ko'ina ne."

Ya ce, "Ni? Takarda tara na rubuta da hannuna ina neman a canja mini gari, Saudatu. Kin ga na je wani wuri?"

Na koma wurin Alhaji Babaji. Ya ce ai magana ta riga ta wuce, kuma ma yanzu an fi son kowa ya yi aiki a cikin mutanensa. Ya yi mamakin uwar da ake kawo mata 'yarta gida tana kuka.

Munawwara ta bi shawarar kawunta tsaf. Ba ta yi ta farko ba, ba ta yi ta ƙarshe ba, ƙafarta lafiya lau, a fom kuma Hausa da Turanci ta rubuta. Da takarda ta fito ta kira ni a waya tana mamaki. "Umma, Potiskum fa aka ba ni. Ban san yadda aka yi ba." Na ce mata haka Allah ya so. Har yau ban iya faɗa mata sauran ba.

Ranar da ta fara aiki, Difi'o ya miƙa ta ga Yaya ya ce ya koya mata kafin ya ajiye kaki. Ya nuna mata inda ake tsayawa, gefen benci ta wajen taga, don mutum ya riƙa jin muryarka ba sai ya kalli idonka ba. Ita ta ba ni labari, tana cewa Kawu akwai dabara.

Wata uku bayan nan aka yi suna a gidan maƙwabtanmu. Tsakar gida cike da mata, ana ta shewa, ni ce ma nake ba da labarin yadda ɗan gidan mai unguwa ya dawo da wani babur da ba a san inda ya samo shi ba. Sai ga Munawwara ta shigo da atamfarta da mayafi, ba kaki, ba hula, ta yi sallama tana fara'a. Aka matsa mata a tabarma, aka miƙo mata kunu. Tsakar gidan ta yi tsit. Can wata ta ce bana dai ruwa ya yi jinkiri, aka ce wallahi kuwa.

Ta juyo ta dube ni. "Umma, ki ƙarasa mana. Tun daga zaure nake jin dariyarku."

Na buɗe baki, na ji labarin ya maƙale. Na ce, "Ba komai, maganar ruwa muke yi."

Sai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai tana juya kunun da ludayi. Na san murmushin. Shekara talatin ina ganinsa a kan takalmin Yaya.